Yaɗon Kabewa a Gidajen Kutama da Yadda Ake Kula da Shi

A Kutama da ke Ƙaramar Hukumar Gwarzo, da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da ita har zuwa ƙasar Kabo, ana shuka kabewa a gidaje. Da zarar ruwa ya zauna a watan Yuni, sai a binne iri biyu ko uku a gefen juji ko a gindin danga, ta yaɗu ta hau darni ko rufin ɗaki, a samu abin miyar taushe har cikin rani. Masana tsirrai sun tabbatar da cewa asalinta daga nahiyar Amurka ne, kuma ba ta iso Afirka ba sai bayan shekarar 1492. Duk da haka ta zama 'yar gida, har Bahaushe yana cewa kabewar kan kabari baƙin cikin masu taushe.

Rayuwar kabewa tana cikin yaɗonta. Yaɗon nan yana da rami a ciki, kuma ta jikinsa ruwa da abinci suke bi daga saiwa zuwa ganye da 'ya'ya. Saboda haka idan akuya ta tattake shi, ko yara suka ja shi, ko fartanya ta sare shi a wurin noma, duk abin da ke gaban raunin yakan yi yaushi. A nan ne mutane da yawa suke yin gaggawar tuge shukar, alhali kuwa tana da magani. Kowace gaɓa ta yaɗo, wato inda ganye ya fito, tana iya fitar da saiwa idan ta taɓa damshi. Abin da ake yi shi ne a tara ƙasa mai laima a rufe wurin da ya ji rauni, a kuma rufe gaɓoɓi biyu ko uku da ke gabansa, a bar ganyen a waje. Cikin mako ɗaya ko biyu sababbin saiwoyi za su kama, reshen ya ci gaba da ciyar da kansa ko da ya rabu da uwar. Manomi mai lura ba ya jiran sai ɓarna ta auku, tun yaɗon yana ƙarami yake binne gaɓoɓinsa. Wannan ne ma ya sa kabewar ƙasa ta fi ta kan rufi jimiri, domin ta kan rufi da gindi ɗaya ta dogara. Idan kuwa reshe ya riga ya ruɓe, sai a yanke shi da wuƙa mai kaifi a bayan ruɓar, a fitar da shi daga gidan.

Yana da kyau a bambance yaushin rana da na ciwo. Ganyen kabewa mai faɗi ne, yakan lanƙwashe da azahar ya miƙe da yamma. Wanda aka wayi gari aka tarar da shi a kwance shi ne abin dubawa. Sai a tona gindin a hankali, domin gwazarmar juji da gara suna cin saiwa, haka kuma ruwan da ya kwanta lokacin marka a watan Agusta yana ruɓar da gindi. Maganin wannan shi ne a yi shuka a kan tudun ƙasa, a kuma buɗe wa ruwa hanya.

Dangane da ƙwari, akwai wani ɗan jan ƙwaro mai huda ganyen ƙaramar shuka, da kuma darɓa da ke taruwa a bayan ganye tana tsotse shi tana yaɗa cutar da ke sa shi ya murɗe. Barbaɗa toka da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba tsohuwar dabara ce, kuma tana rage ɓarna ga ƙaramar shuka. Wasu sukan daka 'ya'yan darbejiya su jiƙa su kwana, su tace su yayyafa. Amma a yi wannan da yamma, domin furen kabewa da safe yake buɗewa, kuma zuma ce ke kai barbara daga furen namiji zuwa na mace, wanda ake ganewa da ɗan kumburin da ke ƙarƙashinsa. Duk maganin da ya kori zuma ya hana haihuwa, ko da yaɗon ya cika gida.

Malaman makaranta masu lambun ɗalibai za su iya gwada binne gaɓa a darasin aikin gona: a binne gaɓoɓin reshe ɗaya, a bar ɗaya, bayan mako uku a yanke duka biyun daga uwar, yara su ga wanda zai rayu.