Shin da gaske fuska na faɗin abin da ke zuciya?

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Sai dai masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna taƙaddama a kan hakan.

A ƙarshen shekarun 1960, Ba'amurke Paul Ekman ya nuna wa 'yan ƙabilar Fore ta Papua New Guinea hotunan fuskoki, ya ce alamun fushi da baƙin ciki da murna iri ɗaya ne a ko'ina.

Amma a 2019, Lisa Feldman Barrett da abokan aikinta sun yi bitar bincike sama da 1,000, suka gano cewa sau da yawa mutum kan haɗe rai ba don fushi ba, wani kuma ya fusata fuskarsa ba ta nuna ba.

Al'ada ma na taka rawa. Uwar da ba ta kiran sunan ɗan farinta kunya take ji. Saurayin da ya sunkuyar da kai gaban babba ladabi yake yi, amma baƙo na iya ɗaukarsa marar gaskiya.

Tun Fabrairun 2025, Tarayyar Turai ta haramta amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen karanta yanayin zuciyar ma'aikata da ɗalibai, sai dai don lafiya ko tsaro.