Club 33: gidan cimakar da kuɗi kaɗai ba sa buɗe ƙofarsa

A birnin Anaheim na jihar Kaliforniya, can yammacin ƙasar Amurka, akwai wani katafaren filin shaƙatawa da ake kira Disneyland, wanda aka buɗe ranar 17 ga watan Yuli na shekara ta 1955. Miliyoyin mutane ne ke ziyartarsa kowace shekara, yara da manya, domin hawa lilo da jiragen wasa da kallon wasannin wuta da dare. Duk wanda ya sayi tikiti yana da damar kutsawa kowane lungu na filin, ya zauna a kowane gidan abinci gwargwadon ƙarfin aljihunsa. Amma akwai wata ƙofa da tikiti ba ya buɗewa. Tana cikin unguwar da aka gina bisa siffar tsohon birnin New Orleans, ba ta da allo ko talla, sai lamba 33 da aka manna a gefenta. A bayanta ne gidan cimakar da ake kira Club 33 yake, kuma shirya cin kalaci ɗaya a cikinsa kan ɗauki wasu mutane watanni, wasu kuwa shekaru.

Asalin gidan

Walt Disney, mai kamfanin finafinan zane wanda ya kafa filin, ya samo wannan dabara ce a babban bajekolin duniya da aka yi a birnin New York a shekarun 1964 da 1965. Kamfaninsa ya gina wuraren kallo huɗu a bajekolin, ciki har da na kamfanonin Ford da General Electric. A nan ya lura cewa manyan kamfanoni kowane na da keɓaɓɓen ɗaki inda yake karɓar baƙinsa na musamman, nesa da hayaniyar jama'a. Da ya koma gida sai ya ƙudurta gina irinsa, domin karɓar shugabannin kamfanonin da ke zuba kuɗi a filinsa da sauran manyan baƙi.

Shi da uwargidansa Lillian suka yi tattaki har New Orleans, suka sayo tsofaffin kayan ɗaki na ado. An kuma ƙera wata na'urar hawa bene irin ta tsofaffin otal na Faransa, aka kawo wasu kayan da aka yi amfani da su a finafinan kamfanin, aka jera. Sai dai ajali bai bar shi ya ci ko loma ɗaya a wurin ba: ya rasu ranar 15 ga watan Disamba na shekara ta 1966, aka buɗe gidan a shekara ta 1967. Sunan ya fito ne daga adireshin ginin, lamba 33 a titin Royal, ko da yake akwai masu cewa yawan kamfanonin da ke ɗaukar nauyin filin a lokacin ne.

Daga bisani an yi irinsa a Tokyo ta Japan a 1983, da Shanghai ta Sin a 2016, da kuma filayen kamfanin na jihar Florida daga 2018. Na kusa da Paris, wanda aka buɗe a 1992, ba shi da Club 33.

Kafin tebur, sai mai gida

Wanda ke son cin abinci a wurin hanya biyu ce gare shi: ko ya zama mamba, ko wani mamba ya gayyace shi. Ba a buga waya daga waje a ce a ajiye tebur, kuma babu dillalin tafiye-tafiye da ke da ikon sayar da gurbi.

Hanya ta farko tsawo gare ta. Mai nema yakan rubuta wa ofishin ƙungiyar takardar nuna sha'awa, sa'an nan ya zauna jiran kira, ba tare da an faɗa masa ranar da za a kira shi ba. A 2007 jerin masu jira ya yi tsawon da aka dakatar da karɓar sababbin sunaye, jaridun Amurka na cewa jiran kan kai shekara 14. Sai a 2012 aka sake buɗe ƙofa ga mutum 100. A wannan shekara kuɗin shiga na mutum ɗaya ya kai dalar Amurka 25,000, ga kuma 10,000 da ake biya kowace shekara. A lura, dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwar Maraɗi mai tamma biyar ba. In aka ƙiyasta ta a kan sefa 600, kuɗin shiga sun kama miliyan 15, na shekara kuma miliyan 6. Kamfanin ba ya buga farashinsa a fili, amma abin da ya fito a gaban kotu a 2024 ya nuna cewa wasu mambobi sun biya har dalar Amurka 31,500 a shekara, kusan sefa miliyan 19. Ma'aikacin da ke karɓar albashi mafi ƙanƙanta a Nijar, wato jika 42 a wata tun daga 2024, sai ya haɗa albashin shekara 37 da ɗoriya bai taɓa ko tamma ba kafin ya tara wannan adadi. Kuma duk wannan kuɗin zama mamba ne kawai. Abincin da aka ci daban ake biyansa.

Saboda haka mafi yawan waɗanda suka taɓa zama a teburin gidan ta hanya ta biyu suka shiga. Mamba ne ke ajiye wa baƙonsa gurbi da sunansa, ya faɗi rana da lokaci da yawan mutane. Yana iya zuwa tare da su, yana kuma iya tura su su kaɗai, amma yawan irin wannan gayyata a ƙayyade yake. Ƴan kasuwar da suka saba da fatauci sun san wannan tsari sarai, domin daidai yake da na fatoma, mai masaukin da ke tsaya wa baƙon ɗan kasuwa a garin da ba a san shi ba: in baƙo ya ci bashi ya gudu, ƙofar mai masauki ake ƙwanƙwasawa.

Shirin ranar

Samun gayyata rabin aiki ne. Gidan yana tsakiyar filin, don haka tilas baƙo ya mallaki tikitin shiga na wannan rana. A ƙarshen 2024 tikitin yini ɗaya na babban mutum ya kama daga dalar Amurka 104 zuwa 206, gwargwadon cunkoson ranar. Bayan haka, da aka sake buɗe filin a watan Afrilu na 2021, bayan rufewar sama da shekara guda saboda annobar korona, an shigo da tsarin yin rajistar ranar zuwa tun da wuri. Ya kamata mai shiri ya tabbatar ranar tikitinsa ta dace da ranar teburinsa, ya kuma ware lokaci domin binciken jami'an tsaro da layin ƙofar shiga da tafiyar ƙasa zuwa unguwar New Orleans, musamman in an tare hanya saboda jerin gwanon masu wasa.

Sai batun sutura. Filin wuri ne na gajeren wando da takalmin roba, ana yawo cikin rana da gumi, amma gidan na da ƙa'idar shiga, wadda ta fi tsanani da dare: riga mai kwala da dogon wando ga maza, shigar mutunci ga mata. Da yawa kan zo da kayan canji, su ajiye su a akwatunan haya da ke cikin filin, ko su koma masauki su kintsa kafin lokaci.

Abu na uku shi ne abin da mutum ba ya ci. Tun daga 1967 har zuwa 2019, Club 33 ne kaɗai wurin da ake sayar da barasa a cikin filin Disneyland, domin Walt Disney ya so wurin ya kasance na iyali. Girkin gidan kuwa ya ɗauko salon Faransa, wanda ke yawan sa giyar inabi a miya da romo, ana kuma amfani da naman alade a wasu kwanukan. Baƙon da addininsa ko lafiyarsa suka hana shi waɗannan, gara ya shaida wa mai gayyatarsa tun lokacin ajiye tebur domin a sanar da masu girki, ya kuma maimaita wa mai hidima in an zauna. Jira sai kwano ya iso gabansa kunya ce gare shi da mai gidansa baki ɗaya.

Bayan ƙofa

A 2014 aka yi wa gidan babban gyara. An mayar da mashigarsa zuwa wani ɗan tsakar gida mai matakala mai lanƙwasa, wanda a da kowa ke shiga ya huta ko ya ɗauki hoto. Rufe shi ya ɓata wa masu ziyara da yawa rai. Baƙo yakan danna ƙararrawa, ya faɗi sunan da aka ajiye tebur da shi, in an same shi a rubuce a buɗe masa. Daga nan a hau bene.

A sama akwai zaure biyu masu sunayen Faransanci. Le Grand Salon shi ne ɗakin cin abinci. Le Salon Nouveau kuwa wurin hira ne da shaye-shaye, wanda aka keɓe wa mambobi da waɗanda suke tare da su. A cikinsa aka ajiye tsohuwar na'urar hawa benen nan, aka mayar da ita wurin zama. A shekarar gyaran aka damƙa ragamar girki a hannun Andrew Sutton, kukun da ya yi suna a gidan abincin Napa Rose na otal ɗin kamfanin da ke maƙwabtaka da filin. Ana kawo abinci kashi-kashi, ƙaramin kwano bayan ƙaramin kwano, daga na buɗe baki zuwa kifi ko nama har zuwa kayan zaƙi, kuma jerin yana canzawa bisa yanayin shekara. Zaman kan ci awa biyu ko fiye. Wanda ya sami teburin dare yana iya fita baranda ya hango kogin da aka haƙa a tsakiyar filin, inda aka fara wasan wuta da ruwa mai suna Fantasmic a 1992.

Akwai ƙa'idoji kan ɗaukar hoto da bidiyo, haka ma kan kayan tsaraba masu tambarin 33 da ake sayarwa a ciki kaɗai. Sayen su domin a sake sayarwa a intanet laifi ne a idon ƙungiyar. Wanda ya ci ladan kuturu, in ji masu iya magana, dole ya yi masa aski.

Abin da mai gida ke iya rasawa

Nauyin duk abin da baƙo ya aikata yana wuyan mamban da ya gayyace shi, kuma hukumar gidan ba ta wasa da wannan. A 2015 wani dattijo mai shekara sama da 80, wanda ya shafe fiye da shekara 40 yana mamba, ya kai kamfanin ƙara bayan an soke katinsa. Dalilin sokewar shi ne wani abokinsa ya sa takardun gayyatar da ya ba shi a gwanjon tara kuɗin taimako, alhali dokar ƙungiyar ta hana sayar da gayyata ta kowace fuska.

Shari'ar da ta fi jan hankali ita ce ta wani mutum da matarsa daga jihar Arizona, waɗanda suka zama mambobi a 2012 bayan dogon jira. A 2017 aka kore su, bisa zargin cewa masu gadi sun sami mijin cikin maye. Shi kuwa ya ce ciwon kai ne mai sa jiri ya kama shi. Suka shigar da ƙara, aka yi ta jan magana har watan Satumba na 2024, lokacin da kotun gundumar Orange ta ba kamfanin gaskiya. Ma'auratan sun shaida wa manema labarai cewa shari'ar ta ci musu kusan dalar Amurka 400,000, wato wajen sefa miliyan 240, duk domin a sake buɗe musu ƙofa ɗaya.

Wannan ne ya sa mambobi ke taka-tsantsan wajen zaɓen wanda za su gayyata, ya kuma sa duk wanda ya yi tayin sayar da gurbi a intanet abin tuhuma ne: ko dai ɗan damfara ne, ko kuwa yana shirin jefa wani mamba cikin asara. Baƙo na gari yakan zo a kan lokaci, ya biya kuɗin abincinsa da tukuicin masu hidima kamar yadda al'adar Amurka ta tanada, in kuwa uzuri ya taso ya sanar da wuri, domin teburin da aka bari babu kowa da sunan mai gida aka rubuta shi.

Ga wanda bai san kowa ba

A 2017 kamfanin ya buɗe wata hanya ga masu kuɗin da ba su da mai gayyata. A saman bene, kusa da Club 33, akwai ɗakunan da aka fara ginawa domin su zama masaukin iyalin Walt Disney. An mayar da su wurin liyafa mai suna 21 Royal, inda ƙungiya ɗaya ta mutum 12 ke kama wurin baki ɗaya na dare guda. Farashin da aka fara da shi dalar Amurka 15,000 ne, kimanin sefa jika 750 ga kowane mutum.

Mai ƙaramin ƙarfi kuwa yana da Blue Bayou, gidan abincin da ke ƙasa, dab da tsohuwar ƙofar mai lamba 33, wanda shi ma a 1967 aka buɗe shi. Ana cin abinci a cikinsa ƙarƙashin fitilu, kwale-kwalen masu yawon kallo na wucewa ta gefe. Kowa na iya ajiye tebur a nan tun kwana 60 kafin ranar zuwa, da sunansa na kansa, ba tare da ya jingina da mutuncin wani ba.