Jan Ƙasa da Maganaɗisu

Sau da yawa akan kira ƙarfin da ke jawo abubuwa ƙasa "maganaɗisun ƙasa", alhali kuwa ƙarfin iri biyu ne. Jan ƙasa, wanda Isaac Newton ya bayyana ƙa'idarsa a 1687, yana aiki a kan kowane abu, dutse ko auduga, kuma ja kawai yake yi. Shi kuwa maganaɗisu ɗan'uwan lantarki ne: yakan ja, yakan tura. Ɗan guntunsa ma kan ɗaga allura duk da duniya tana janta.

A 1911, a birnin Leiden na Holan, Kamerlingh Onnes ya gano cewa idan aka sanyaya zaiba zuwa kimanin digiri 269 ƙasa da sifiri, lantarki kan ratsa ta ba tare da turjiya ba. A 1933 Meissner da Ochsenfeld suka nuna cewa abin da ya shiga wannan hali yakan kore ƙarfin maganaɗisu daga cikinsa. Dalili ke nan maganaɗisu ke iya tsayawa cikin iska a bisansa. Jan ƙasa yana nan daram, turin ne ya yi daidai da shi. Da za a ɗora su bisa sikeli, nauyin maganaɗisun zai fito cif.