Jar giyar Italiya mai araha: sunan gari ne jinginar mai saye

A kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Dosso, Kore Mairuwa da Dogon Dutsi ta nufi Birnin Ƙonni, ba irin hajar da ba ta wucewa. A cikinta har da kwalaben jar giyar inabi ta ƙasashen Turai. Mafi yawan mutanen Arewa Musulmi ne, hukuncin addini kuma a fili yake: shan giya, sayar da ita da ɗaukarta duk haramun ne. Amma ƙasar ba ta rasa masu hulɗa da ita ba. Akwai Kiristoci, waɗanda ba a yin babbar ibadar cocin Katolika sai da ruwan inabi. Akwai baƙi ma'aikatan ayyukan raya karkara. Akwai kuma jami'an duwan da na kiwon lafiya, waɗanda aikinsu ne su san abin da ke shigowa. Labarin yadda Italiya ta mai da giyar talakanta abin yarda a kasuwannin duniya yana da amfani har ga ɗan kasuwar da bai taɓa kusantar kwalba ba.

Daga gona zuwa kwalba

Arnan Arewa sun san giyar hatsi tun kaka da kakanni. Mai dafa burkutu sai ta jiƙa dawa ko gero, ta bari ya yi tsiro, don garin da ke cikin ƙwaya ya juye ya zama zaƙi, sannan ta dafa. Inabi ba ya bukatar wannan wahala, domin da zaƙinsa yake nuna. A watannin Satumba da Oktoba ake tsinke shi a Italiya, a matse, a bar ruwan tare da ɓawon har kwana da kwanaki. Yisti ya cinye sukarin ya mai da shi barasa, ɓawon kuma ya ba da jan launi. Kwalbar da aka saba gani santilita 75 take ci, ƙarfin barasarta kuwa daga kashi 12 zuwa 14 cikin 100.

Italiya da Faransa ne ke tseren zama na ɗaya a duniya a wannan sana'a. A yawancin shekaru Italiya takan yi hektolita miliyan 40 zuwa 50, wajen rabi kuma daga ƙungiyoyin haɗin gwiwar ƙananan manoma yake fitowa. Nan asirin araha yake. Manomi mai ƴar gona ba ya sayen injin matsa shi kaɗai. Ɗaruruwa ne ke tara amfaninsu wuri guda. Ba a ajiye irin wannan giya shekaru cikin gangar itace mai tsada. A tankin ƙarfe take kwana, a sayar da ita cikin shekara ɗaya ko biyu.

Sunaye huɗu sun fi yawo a wannan aji. Montepulciano d'Abruzzo daga gabashin tsakiyar ƙasar take, mai duhun launi da taushi a baki. Chianti ta yankin Toskana ce, doka ta ce aƙalla kashi 70 cikin 100 nata ya zama inabin Sangiovese, ta kuma fi sauran tsami. Nero d'Avola ta tsibirin Sisiliya ce, ta ci sunan garin Avola. Primitivo kuwa daga Puglia take, can kudu inda rana ke da ƙarfi, shi ya sa ta fi nauyi da ƙanshin nunannun ƴaƴan itace.

Yadda masana ke ɗanɗanawa

Ga Ba'italiye, wannan giya abokiyar abinci ce, kamar yadda miya take ga tuwo. Masu sana'ar ɗanɗano matakai uku suke bi. Da farko ido: a zuba kaɗan a kofin gilashi, a karkata shi a kan farin ƙyalle. Sabuwar giya ja ce mai ratsin shuɗi, kusa da launin zoɓo mai kauri. In ta koma ruwan ƙasa alhali shekarunta ba su wuce biyu ba, ta lalace. Na biyu hanci: a juya kofin a hankali, a shaƙa. Ƙanshin ƴaƴan itace ake nema. Warin tsumma mai laima alama ce toshiyar kwalbar ta ɓata ta, warin binigar kuma alama ce iska ta shiga.

Na uku baki, kuma a nan mutumin Arewa ba baƙo ba ne. Duk wanda ya taɓa tauna goro ya san ɓauri, wannan kamewar da ke busar da harshe da dasashi. Sinadarin da ke kawo shi, wanda Turawa ke kira tanin, danginsa ne ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita. A inabi, cikin ɓawo da ƙwallo yake. Giya mai kyau ita ce wadda ɓaurinta, tsaminta da ƙarfinta suka daidaita, ba wanda ya danne wani. Kitse da gishiri suna kwantar da ɓauri, shi ya sa Italiyawa ke haɗa ta da gasasshen nama, cuku, ko taliya da miyar tumatir. Ƙwararru kuma, in suna gwada kwalabe da yawa, tofarwa suke yi, don hankali ya zauna daidai.

Babban abokin gabanta a ƙasarmu zafi ne. Ana son ta a sanyin digiri 16 zuwa 18, a ajiye ta a duhu. A watan Afrilu kuwa zafin Dogon Dutsi da Tibiri yakan haura digiri 40. Kwalbar da ta yi makonni cikin kwantena a tashar jirgin ruwa, ta yi kwanaki a bayan mota, ta zo ta zauna ƙarƙashin rufin kwano, ta dahu tun ba a buɗe ta ba.

Lissafin ɗan kasuwa

A kantunan Italiya ana samun irin wannan kwalba a kan yuro 3 zuwa 5. Tun 1999 yuro ɗaya yake daidai da sefa 655,957 a rubutun Faransanci, wato sefa 656 in an cike. Kwalbar yuro 4 ke nan ta haura jikka biyu da rabi tun tana gida, kafin kuɗin jirgi, na mota, na duwan da ribar dillali. Tsofaffin ƴan kasuwa ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kayan Turai suka ninka kuɗi dare ɗaya. A 2023 kuma, da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil, kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo. Saboda haka duk kwalbar da aka ce ta Italiya ce, aka kuma sayar da ita ƙasa da kuɗinta na can, abar tuhuma ce. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Darasin shekarar 1986

Italiya da kanta ta ɗanɗana kuɗar araha marar tsaro. A watan Maris na 1986 aka gano wasu masu haɗa giya a garin Narzole na yankin Piyemonte suna zuba metanol, barasar masana'antu, cikin giya mai arha don ƙara mata ƙarfi. Aƙalla mutum 19 suka mutu, wasu suka makance. Ƙasashe suka tsare kayan Italiya a kan iyakokinsu, cinikin waje ya faɗi warwas. Metanol ba ya bambanta da barasar sha a ido, kuma ɗan kaɗan ya isa ya kashe jijiyar gani. Wannan haɗari yana nan a duk inda ake ɗura abin sha a ɓoye cikin tsofaffin kwalabe.

Abin da ya fid da Italiya shi ne ƙarfafa dokar asali. Tun 1716 mai mulkin Toskana, Cosimo na Uku, ya shata iyakar ƙasar da ke da ikon kiran giyarta Chianti. A 1963 aka kafa tambarin DOC, wanda ke ƙayyade yanki, irin inabi da yawan abin da za a girba a kowace eka. DOCG ta fi shi tsanani, da lambar gwamnati a wuyan kwalba. Dokar 1992 ta ƙaro IGT don giyar yanki mai sassaucin sharaɗi. Mai saye ya duba waɗannan haruffa, da shekarar girbi, da sunan wanda ya ɗura. Tambarin dai shaidar asali ce kurum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutar da jiki.

Abin da ya shafi Arewa

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Manoman Abruzzo da Sisiliya sun nuna tana iya yi, muddin akwai ƙungiya, da ƙa'ida, da mai binciken da ba a saye. Nijar ta fara bin wannan hanya: hukumar OAPI mai mazauni a Yawunde ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajistar asali. Arewa ma tana da abin da za ta sa wa suna: dankalin turawan da ake nomawa da rani a Dogon Dutsi, waken gonakin tudu, da raken fadamun Dallol Mawri. Yau buhunansu kan shiga manyan kasuwanni ba tare da wata alama ba, a gauraya mai kyau da marar kyau, a saya da kuɗi ɗaya. Ranar da manoma da ƴan kasuwa suka yarda da ma'auni guda, ma'aikatan gona da na ciniki kuma suka tsare shi ba sani ba sabo, ranar ce sunan Dogon Dutsi a jikin buhu zai fara ƙara wa manomi dala a aljihu.