Kifayen Sikilid na Afirka: Gane Su da Zaɓa Musu Abokan Zama

Sikilid babban dangin kifi ne, kuma karfasar da ake sayarwa a kasuwanninmu 'yar gidan ce. Ana gane dangin da ƙofar hanci ɗaya a kowane gefe, da layin gefen jiki da ya katse gida biyu, da dogon fiffiken baya mai ƙayoyi ta gaba. Masu launin da ake kiwo a tankin gilashi galibi daga tafkuna uku suke: Malawi, Tanganyika da Biktoriya. Na Biktoriya sun yi ƙaranci, domin giwan ruwa da aka saka a tafkin a shekarun 1950 ya taimaka wajen ƙarar da nau'o'i masu yawa.

Launi ne ke jan mai saye, amma shi ne shaida mafi rauni. Ƙananan kifaye da mata kan zo da launi daban da na babban namiji, namijin da aka fi ƙarfi kuma yakan dusashe. Baki da ƙirar jiki sun fi faɗin gaskiya, don su ke nuna abin da kifin ke ci da inda yake zama.

A Malawi akwai rukunin mbuna, mazauna duwatsu, masu dunƙulen kai da haƙoran kankare gansakuka. Hanjinsu dogo ne, ya dace da ganye. Idan aka cika su da abinci mai nama sai kumburin ciki ya kama su, kuma yakan kashe. Kowane namiji na kare kogonsa da faɗa. A cikinsu, Labidochromis caeruleus mai launin ruwan ɗorawa yana da sauƙin hali, shi ya fi dacewa da sabon mai kiwo, amma Melanochromis auratus na iya hana tanki duka sakat. Rukunin Aulonocara kuwa a kan rairayi suke farautar ƙananan halittu, ba su da zafin mbuna, saboda haka haɗa su wuri ɗaya zalunci ne: abincinsu ya bambanta, kuma mai sanyin hali ke shan wuya.

Tanganyika na da nata: Neolamprologus multifasciatus da ke zama cikin kwanson katantanwa, bai wuce santimita 5 ba, da frontosa mai ƙullutu a goshi wanda kan kai santimita 30. Tafkinsu ɗaya, amma babban zai haɗiye ƙaramin.

Ruwa ne sharaɗi na farko wajen zaɓa musu abokan zama. Kifayen waɗannan tafkuna na son ruwa mai ma'adinai da ɗan kanwa-kanwa, pH wajen 8, da ɗumi tsakanin digiri 24 da 28. Kiribensis, sikilid ɗin kogunan kudancin Najeriya da Kamaru, ruwa mai laushi ya saba da shi, don haka zamansa ɗan Afirka bai sa ya dace da su ba.

Ga mbuna, tanki ya kai lita 200, a jera duwatsu yadda za su tare wa kifaye ganin juna. A ba kowane namiji mata uku ko huɗu, domin mace takan riƙe ƙwai a baki kusan mako uku ba ta cin abinci, kuma idan ita kaɗai ce namiji zai galabaitar da ita. A guji nau'o'i masu kama da juna a launi ko zane: mazansu na ɗaukar juna kishiyoyi, ga kuma barbarar da ke ɓata asali. Wasu na ƙara yawan kifaye don faɗa ya rarrabu, dabarar da ke aiki muddin matatar ruwa mai ƙarfi ce kuma ana canza wani kaso na ruwan kowane mako.

Daga wajen dangi, ƙurungu na Tanganyika ya fi jure zama da su, saboda ƙayoyinsa da sabonsa da irin ruwan. Sai dai nau'in ƙurungun da ake kira Synodontis multipunctatus kan cusa ƙwansa cikin na sikilid lokacin saka ƙwai, uwar ta kwashe a baki, 'ya'yansa su riga ƙyanƙyashewa su cinye nata. Mai son samun 'ya'yan sikilid sai ya raba musu tanki.