Kuɗin Maganin Maras Lafiya: A Wuyan Wa Yake?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya saukar da cuta Ya kuma saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wata gardama da ta daɗe tana kai da kawowa a zaurukanmu bayan sallar isha'i, wato kuɗin maganin maras lafiya a wuyan wa yake. Wuyan hukuma ne, ko wuyan mai ciwo da danginsa, ko kuwa wuyan jama'a baki ɗaya? Ni dai malamin allo ne, ban karanta likitanci ba, ban kuwa taɓa riƙon ofis ba. Amma wanda yake kwana da yara arba'in a gidansa damina bayan damina, ya san kuɗin allura ko bai so ba.

A daminar bara masassara ta kama wani almajirina da la'asar, yaro ne da bai cika shekara goma ba, ubansa manomi ne a wani ƙauye mai nisa. Kafin tsakar dare ya fara jijjiga, idanu sun kakkafe. Na rungume shi bisa kabu-kabu munka nufi wani asibiti. Ma'aikata sun karɓe mu da mutunci, ban ga laifinsu ba. Sunka auna shi, sunka ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, sai an ƙara masa, ga kuma ruwa da allurai. Anka miƙo mini takarda anka ce in sayo. Abin da ke aljihuna bai kai rabin kuɗin ba. Na koma unguwa cikin dare na buga ƙofar wani maƙwabci ya ranta mini, da gari ya waye na kai tunkiyata kasuwa. Allah cikin ikonSa Ya tashi kafaɗun yaron. Amma a gadon da ke kusa da namu akwai wata baiwar Allah, ita ma anka ba ta irin takardata. Ta daɗe tana juya ta a hannu, kafin asuba ta goya ɗanta ta fita ba ta yi wa kowa sallama ba. Har yau in na tuna ta sai barci ya ƙaurace mini.

Da na ba da wanga labari a zaure sai jama'a sunka rabu uku. Wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya ce magani duka haƙƙin talaka ne bisa hukuma, ta biya komai kamar yadda aka saba da can. Wani ɗan kasuwa ya ce kayan gwamnati ba su da mai su, duk abin da anka ce kyauta ne to ɓarayi anka buɗe wa ƙofa, gara kowa ya biya nasa, masu asibitocin kansu su yi gasa. Na uku, wani matashi mai karatun zamani, ya ce a kafa asusu kowa ya riƙa zuba kaɗan yana lafiya, ranar da ciwo ya zo asusu ya biya. Nan take wani almajirin ilimi ya tare shi ya ce wannan caca ce. To, bari mu bi maganganun nan ɗaya bayan ɗaya, mu ba kowa haƙƙinsa.

Dattijo yana da gaskiya ta wani fanni. Iyayenmu sun ba mu labarin zamanin En'e, sa'ad da ake haraji da jangali, daga baitulmali kuwa ake biyan malamin asibiti da duba-gari da masu yin lamba saboda agana. Mu ma muna yara mun riski lokacin da ake yankar kati a ba mutum magani a kwalba ya koma gida. Sai dai mu tuna, a wancan zamani asibitocin kaɗan ne, mafi yawan mutanen ƙauye ba su taɓa ganin likita ba. Da kuɗin man fetur ya faɗi, gwamnatin Janar Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, sai kantunan asibiti sunka bushe. A 1987 ministocin lafiya na Afirka sunka taru a Bamako sunka yarda a riƙa sayar wa maras lafiya magani, a juya kuɗin a sayo wani. Tun daga nan takardar "je ka sayo" ta zauna da gindinta. Yau fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun masu ciwo da danginsu yake fitowa. Da anka janye tallafin man fetur a 2023, naira ta faɗi, kuɗin magani ya ƙara yin sama.

Ɗan kasuwa ma ba a rasa abin kamawa cikin zancensa ba. Ga maƙwabtanmu na Nijar, waɗanda daga nan sai ka bi Illela ka shiga Birnin Ƙonni. A 2006 hukumarsu ta yi shelar magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5. Iyaye mata sunka yi ta kai 'ya'yansu, rayuka da yawa sunka tsira. Amma hukuma ta riƙa jinkirin biyan asibitoci abin da sunka kashe, bashi ya taru, magani ya yanke a wurare da dama. Wannan ya nuna cewa faɗin kyauta a baki abu ne mai sauƙi, sai an tanadi inda kuɗin zai fito kuma an tsare shi. Inda na rabu da ɗan kasuwa shi ne, ciwo ba hajar da ake tayawa ba ce. Mai sayen atamfa in ta yi masa tsada ya bari sai wata kasuwa. Wanda ɗansa ke jijjiga a hannunsa ba ya da wannan zaɓi. In an bar magani ga kasuwa kaɗai, mai hali zai warke, maras hali ya yi abin da baiwar Allah nan ta yi.

Ku sani, ya ku jama'a, wagga gardama ba tamu ba ce mu kaɗai. Ingila ta yanke tata tun 1948, ta ce kowa a yi masa magani daga harajin ƙasa. Amurka, duk da dukiyarta, ta bar mafi yawan al'amarin ga kamfanoni, har dokar da Shugaba Obama ya sa wa hannu a 2010 don faɗaɗa inshora sai da ta kai su gaban kotun ƙoli. Gana ta kafa nata asusu a 2003, ta ɗora ɗan ƙari bisa harajin saye da sayarwa don ciyar da shi. Kowace ƙasa da irin hanyar da ta bi, amma babu wadda hukumarta ta zare hannu ɗungum.

Mu kuwa musulmi muna da magabata cikin wanga al'amari. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Umaru ya yanka wa kutare da gajiyayyu abinci daga dukiyar jama'a, har da waɗanda ba musulmi ba. A birnin Alƙahira, Sarki Ƙalawun ya gina babban gidan magani a 1284, ya tsayar masa da wakafi, ana jinyar bawa da ɗa, mai kuɗi da matalauci, ba a karɓar komai. Nan gida, Malam Abdullahi na Gwandu ya wallafa Masalihul Insani inda ya haɗa gyaran addini da gyaran jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin sarauta da yaƙi, ya zauna ya rubuta littattafai kan ciwon ido da basir da maganin Annabi. Shugaban da ya ɗauki alƙalami don idon talakansa ya gane cewa jikin talaka yana cikin amanar da za a tambaye shi ranar gobe.

Game da maganar caca, malamai sun riga sun rarrabe. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen musulmi da ta zauna a Jidda a 1985 ta hana inshorar kasuwanci saboda gararin da ke cikinta, ta halatta ta taimakekeniya, wadda kowa ke zubawa da niyyar kyauta don a agaji wanda larura ta sama. Asalinta sananne ne cikin sunna, domin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yabi Ash'arawa saboda in guzurinsu ya ƙaranta sai su tara shi wuri ɗaya su raba daidai. Mu ma mun san gayya, mun san gudummawar biki. Wanda ya zuba shekara ta ƙare bai yi ciwo ba, bai yi asara ba, ya samu lafiya ya kuma samu ladan jinyar ɗan'uwansa.

To, me hukuma ta yi? Dokoki kam akwai su. A Abuja ne shugabannin Afirka sunka yi alkawari a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu don lafiya, amma rabon da gwamnatin tarayya ke bayarwa mafi yawan shekaru wajen kashi 5 yake yawo. Asusun inshorar lafiya na ƙasa ya fara aiki a 2005, ya fi tsayawa ga ma'aikatan gwamnati, har shekara goma sha bakwai bai rufe ko mutum ɗaya cikin goma ba. Dokar lafiya ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ƙananan asibitoci da jinyar talakawa, sai a kasafin 2018 anka fara sa kuɗin. Ita wagga doka ta kuma hana a kori mai larurar gaggawa. A 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta wajabta inshora ga kowa, ta kafa asusu don masu rauni, wato yara ƙanana da masu ciki da tsofaffi da naƙasassu da matalauta. Nan Sakkwato an kafa hukumar taimakekeniyar lafiya zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, ga kuma hukumar zakka da wakafi da ke taimaka wa marasa lafiya. Alkawari dai kaya ne. Daren da na sayi jini, babu ɗaya daga waɗannan dokoki da ta iso gadonmu, domin babu sunan almajirina a kowace takarda.

Kada kuwa mu zama masu butulci. Inda hukuma ta tsaya da gaske, aiki ya yi. Ga asibitin yara masu ciwon noma da anka buɗe nan Sakkwato a 1999, inda ake gyara fuskokin 'ya'yan talakawa ba da kuɗinsu ba. Ga maganin masassarar damina da ake bi gida gida ana ba ƙananan yara. Ga shan inna, wadda sarakuna ƙarƙashin Mai alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'adu Abubakar sunka sa hannu cikin yaƙinta, har a 2020 anka tabbatar asalin ƙwayarta ta daji ta ƙare a Afirka. Waɗannan ayyuka babu attajirin da zai iya su shi kaɗai.

Abin da na gani, Allah Shi ne Masani, shi ne nauyin nan kashi uku ne. Kashi na farko na hukuma ne, kuma shi ne mafi girma: ruwa mai tsabta, magudanai, rigakafi, asibitin unguwa mai ma'aikaci da magani, haihuwa, larurar gaggawa, da jinyar wanda ba ya da komai. Kashi na biyu na mai hali ne, ɗan kasuwa da ma'aikaci da mai sana'a, ya zuba nasa cikin asusu tun yana da lafiya. Kashi na uku na jama'a ne, ta zakka da wakafi da sadaka, domin jinyar musulmin da ya rasa mai jinya farillar kifaya ce, in kowa ya bari kowa ya yi laifi.

Mu malamai ma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Muna karɓar yara daga iyayensu ba mu tambayi ko sisin jinya ba. Mukan tsaya ga tofi da rubutu har ciwo ya ci ƙarfin yaro, alhali addu'a ba ta hana zuwa asibiti, duka biyun neman sababi ne. Ni kaina da na kai yaron nan tun la'asar, da wataƙila ba a kai ga ƙarin jini ba. Ina neman gafarar Allah bisa wannan.

Saboda haka ina roƙon mahukuntanmu abu huɗu. Na ɗaya, a aiko ma'aikata makarantun allo su rubuta sunayen almajirai cikin asusun masu rauni, malami da mai unguwa su zama shaidu. Na biyu, a manna takarda da Hausa, boko da ajami, a ƙofar kowane ƙaramin asibiti cikin ƙananan hukumominmu 23, a bayyana kuɗin da ya shigo da abin da anka saya da abin da ke kyauta, domin ɓarawo ba ya son haske. Na uku, hukumar zakka ta ajiye wakili a manyan asibitoci har da dare, don ciwon yara ya fi tashi bayan an rufe ofis. Na huɗu, abin da anka rubuta cikin kasafi a sake shi cikin lokacinsa, kuma a biya ma'aikatan lafiya haƙƙinsu, su daina gudu zuwa ƙasashen waje.

Ni kuwa na fara da kaina. Tun bayan wancan dare na ajiye gwangwani a zaure, duk uban da ya kawo yaro sai ya sa wani abu, ranar Laraba kuma a ƙara daga kuɗin laraba. Bai isa ƙarin jini ba, amma ya isa awo da maganin farko. Ina kira ga 'yan'uwana malamai na Runjin Sambo da sauran unguwanni su gwada, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda sunka riga mu, Ya sa tausayin talakawa a zukatan shugabanninmu, Ya shiryar da mu baki ɗaya. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.