Hutun hunturu a Kano

Hutun hunturu shi ne hutun ƙarshen zangon karatu na farko da makarantun boko ke bayarwa a Kano, daga wajen tsakiyar watan Disamba zuwa farkon Janairu. Yana faɗowa ne a tsakiyar lokacin sanyi, bayan an gama girbi, kuma ya haɗa da ranakun hutun gwamnati na 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu. Ba biki ba ne na addinin Musulunci, amma iyalai da yawa sun mayar da shi lokacin wasu al'adu da suka shafi yara, kamar tatsuniya da jin wuta da kaciya da kai ziyara ƙauye. A unguwannin ma'aikata da ke kewaye da rukunin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa, waɗannan tsofaffin al'adu sun cakuɗu da wasu sababbi da aikin kamfani da zaman baƙi suka kawo, irin su hutun ƙarshen shekara da bikin Kirsimeti.

Suna da yanayi

Hausawa sun kasa shekara zuwa bazara da damina da kaka da hunturu. Hunturu yakan fara daga ƙarshen Nuwamba ya kai Fabrairu, wani lokaci har cikin Maris. A lokacin ne busasshiyar iska ke kaɗowa daga arewa maso gabas, ta ratso hamadar Sahara ɗauke da ƙura, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ƙurar ce ke haddasa hazo, har rana ta yi dishi-dishi. A wasu dararen Disamba da Janairu ma'aunin zafi a Kano yakan sauka zuwa kusan digiri 10.

Harshen Hausa ya bambanta ɗari da sanyi. Ɗari shi ne busasshen sanyi mai iska wanda ke fasa leɓe da ƙafa, sanyi kuwa kalma ce ta gama-gari da ta haɗa har da mai danshi irin na damina. A maganar yau da kullum ta birnin Kano an fi cewa "lokacin sanyi", kuma yara kan kira hutun da "hutun Disamba" ko "hutun Kirsimeti".

Unguwannin masana'antu

Bompai ita ce mafi daɗewa a cikin rukunan uku. Ta fara bunƙasa tun kafin samun 'yancin kai a 1960, a gabashin birni kusa da layin dogo, wanda ya iso Kano a 1911. Sharaɗa da Challawa sun biyo baya bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. Sharaɗa tana kudu da tsohon birni, an kuma kasa ta kashi uku, ita kuwa Challawa tana Ƙaramar Hukumar Kumbotso, kusa da kogin da ta ci sunansa, kuma ta shahara da masana'antun jima. A rukunan akwai masaƙu da kamfanonin robobi da takalma da man gyaɗa da sabulu da alawa da biskit da lemon kwalba.

Ma'aikatan sun zauna a unguwannin da ke kusa da wurin aikinsu: Dakata da Kawaji da Gwagwarwa da Tudun Wada a ɓangaren Bompai, Ja'en da Sabuwar Gandu a ɓangaren Sharaɗa, sai Panshekara da Kumbotso a ɓangaren Challawa. Wasunsu 'yan ƙauyukan Kano da Jigawa da Katsina ne, wasu kuma sun zo daga tsakiya da kudancin Nijeriya. Yawanci a gidajen haya suke zama, iyalai da dama a tsakar gida ɗaya, abin da ya sa yaran gidan kan tashi da sanin al'adun juna.

Wasu kamfanoni kan tsayar da aiki na 'yan kwanaki a ƙarshen shekara domin gyaran injuna da ƙidayar kaya. Ga yaron da mahaifinsa ke aikin karɓa-karɓa, yau da dare gobe da rana, wannan na cikin 'yan lokutan da zai wuni da shi a gida. Inda ake ba ma'aikata kyautar ƙarshen shekara, kamar shinkafa ko man girki ko kayan da kamfanin ke yi, yaran ne kan fi murna idan kyautar ta haɗa da biskit ko alawa ko sabon takalmin roba. Sai dai leburorin da ake biya kullum ba su da albashi a kwanakin da aka rufe, don haka a gidajensu hutun kan zo da ƙunci.

Jin wuta da tatsuniya

Da asuba da kuma bayan sallar isha'i akan hura wuta a tsakar gida ko a kasko, yara su kewaye ta suna jin ɗumi. A nan ne kaka ko uwa ko wata babbar yaya ke yin tatsuniya. Mai bayarwa kan buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", masu sauraro su amsa da "ta zo mu ji ta", a ƙarshe a rufe da "ƙurunƙus". Taurarin da suka fi fitowa su ne Gizo da matarsa Ƙoƙi, da Kura da Zomo da Dodo da Ɓotorami. Akan haɗa da kacici-kacici da karin magana da salon magana mai karya harshe, waɗanda ke horar da yaro wajen furuci da saurin fahimta. Akwai camfin da ke cewa wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓata, wanda ake ganin dabara ce ta hana yara barin aikin gida.

Tatsuniya ba ta keɓanta ga hunturu ba, amma dogon dare da rashin aikin gona da rashin tashi makaranta da sassafe sun sa ta fi armashi a lokacin. An tattara da yawa daga cikinta a rubuce, daga littattafan Frank Edgar na 1911 zuwa 1913 har zuwa Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, wanda aka daɗe ana karantawa a makarantun firamare.

Abinci da tufafi

Karin kumallon hunturu mai zafi ne: koko da ƙosai, kunun tsamiya, kunun gyaɗa, ko shayi da burodi. Lokacin ne kuma rake ke yawaita, tare da mazarƙwaila da ake yi da ruwansa. Yara kan gasa dankalin Hausa ko rogo a cikin tokar wutar da suke ji. Magarya da aduwa da kanya suna nuna a wannan tsakani, haka kuma karas da tumatir da latas na noman rani suna shigowa daga yankin Kura da Kadawa, inda ake ban ruwa daga madatsar Tiga.

Kafin sanyi ya kankama iyaye kan je kasuwar Ƙofar Wambai ko ta Sabon Gari su sayo rigunan sanyi da huluna da safa, galibi na gwanjo. Rigar da ta yi wa babba kaɗan takan koma ga ƙaninsa. Da safe uwa kan dafa ruwan wanka, ta shafe yara da man kaɗanya ko basilin don maganin kaushi da faso. A gidaje da yawa akan ware tsofaffin riguna da barguna a ba almajiran da ke zuwa gidan, waɗanda yawansu kan ƙaru a birni bayan girbi, kuma sau da yawa yaran gidan ake aika su miƙa.

Kaciya

A al'adar Hausawa lokacin sanyi ne ake yi wa yara maza kaciya, saboda an yi imani ciwo ya fi saurin bushewa kuma bai cika ruruwa ba. A da akan jira yaro ya kai kimanin shekara bakwai, a tara sa'o'insa na gida ɗaya ko na unguwa, wanzami ya yi musu rana guda. Sukan yi jinya a ɗaki ɗaya, ana ciyar da su da kaji da ƙwai da nama, 'yan uwa da maƙwabta suna zuwa dubiya da kuɗi ko abinci. Idan sun warke sai a yi musu aski da wanka, a ba su sababbin kaya. Da karatun boko ya yaɗu, hutun Disamba ya zama lokacin da ya fi dacewa, domin yaro zai warke kafin a koma aji.

Al'adar ta ragu a birni. Iyaye da yawa yanzu suna yi wa jarirai kaciya a asibiti ko a gida tun suna 'yan kwanaki, kuma ma'aikatan lafiya na gargaɗi game da amfani da aska ɗaya ga yara da yawa. Duk da haka wasu iyalai na ci gaba da kai 'ya'yansu ƙauye don a haɗa su da 'yan uwansu.

Zuwa ƙauye da yawon buɗe ido

Ga ma'aikacin da ya baro garinsu, hutun dama ce ta kai yara su ga kakanni. Rumbuna a cike suke, bukukuwan aure sun yawaita, ana kuma dambe da kokawa a dandali. Yaran birni kan koyi langa da gaɗa da sauran wasannin dandali a wurin 'yan uwansu, su dawo da tsarabar gero da wake da gyaɗa da kaji, wadda ke rage wa gidan cefane na makonni.

Waɗanda suka zauna a birni akan kai su gidan zu na Audu Bako, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1970 ba nisa da Sharaɗa, ko Gidan Makama, ko wuraren wasan yara. Makarantun Islamiyya da dama ba sa bin hutun boko, don haka yara kan ci gaba da zuwa, wasu makarantun kuma kan sa bikin saukar Alƙur'ani a wannan lokaci.

Kirsimeti

Ga iyalan Kirista, waɗanda suka haɗa da Ibo da Yarbawa da 'yan tsakiyar Nijeriya da Hausawa Kirista, Kirsimeti ne jigon hutun. Akan ɗinka wa yara sababbin kaya, a yanka kaza ko akuya, a dafa shinkafa, a je coci, mafi yawa a Sabon Gari da kewayenta. Yara kan shiga ƙungiyoyin waƙa da wasan kwaikwayon haihuwar Almasihu. Wasu iyalan kan tafi garuruwansu, shi ya sa tashar manyan motoci ta New Road ke cika a makon da ya gabaci bikin.

A gidajen haya akwai al'adar aika yara da kwanon abinci zuwa ɗakunan maƙwabta, kamar yadda Musulmi ke aika musu tuwo da nama da Sallah. Ra'ayoyin malamai sun bambanta a kan karɓar abincin bikin, kuma rikice-rikicen addini da Kano ta fuskanta, da suka haɗa da na 1991 da 2004, sun sa iyalai da yawa sun koma unguwannin da mabiya addininsu suka fi yawa. Hakan ya rage cuɗanyar yara a wasu wurare, ko da yake al'adar ba ta ɓace ba.

Haɗuwa da bukukuwan Musulunci

Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, saboda haka bukukuwan Musulunci suna zagaya yanayi cikin kimanin shekara 33. Ƙaramar Sallah ta faɗo a ƙarshen Disamba a 2000, Babbar Sallah kuma a cikin Disamba a 2007 da 2008. Maulidi ya zo a Disamba a 2015 da 2016, tare da Takutaha, ranar da yara ke hawa Dutsen Dala. Idan haka ta faru, kayan Sallah da yawon Sallah da kallon hawa duk kan shigo cikin hutun. Bisa lissafin kalanda, azumin Ramadan zai kama sau biyu a 2030, a Janairu da kuma ƙarshen Disamba, wanda zai mayar da wasan tashe cikin tsakiyar hunturu.

Haɗurra

Lokacin yana da nasa hatsarin ga yara. Ƙura da ɗari kan jawo mura da tari da ciwon ido, su kuma tayar da asma. Gobara ta fi yawa saboda bushewar kaya da ƙarfin iska, kuma hukumar kashe gobara ta jihar kan yi gargaɗi a kan kwana da garwashi a ɗaki. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba marar wari wadda kan kashe masu barci. Ƙananan yara kuma kan ƙone da ruwan zafi ko wutar kasko.

Sauye-sauye

Daga tsakiyar shekarun 1980, bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, masana'antun Kano suka fara durƙushewa saboda ƙarancin wutar lantarki da tsadar kayan aiki da shigowar kayan waje masu araha, musamman atamfofi daga Sin. Masaƙu da dama sun rufe, ma'aikata suka koma kasuwanci ko tuƙin a-daidaita-sahu, sana'o'in da ba su da hutun ƙarshen shekara. Tsadar mota da matsalar tsaro a wasu hanyoyi sun rage zuwa ƙauye. A wasu gidajen hutun ya zama lokacin talla a ƙofar kamfanoni ko koyon sana'a a gareji da shagon ɗinki.

Talabijin da finafinan Kannywood da wayar salula sun karɓe wani ɓangare na lokacin tatsuniya, ko da yake ita ma tatsuniyar ta shiga rediyo da YouTube. Abubuwan da suka fi jure wa sauyin su ne waɗanda ba sa buƙatar kuɗi mai yawa, wato jin wuta da kunun safe da ziyarar dangi a cikin gari.